Koke a Rumfar Makoki

Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'armu, reshen Kano. Ba don wata hazaƙa aka zaɓe ni ba. Ina da shagon buga takardu da yin kwafi a Fagge, dab da Titin Ibrahim Taiwo, akwai kwamfuta, akwai janareto, akwai benci biyu, kuma duk mai waɗannan a kowace ƙungiya shi ne sakatare, ko ya so ko ya ƙi. Sunana Bahauddeen, amma Malam Baha ake ce min.

Jami'ar ba a Kano take ba, tana wata jiha, tafiyar awa biyar a mota, kuma yawancinmu ba mu taɓa kwana a cikinta ba. Karatun yamma muka yi a wata cibiya da ta buɗe a Sabon Gari, cikin ginin wata makarantar sakandare. Yara su tashi ƙarfe biyu, mu shiga ƙarfe huɗu mu zauna a kujerunsu, gwiwoyinmu na dukan tebur. Shekara biyar muka yi a haka. Aka ba mu digiri, muka je can muka sa riga da hula, muka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa.

Da Farfesa Hambali ya zama shugaban jami'ar, shekara uku ke nan, abin da ya fara yi shi ne rufe cibiyar. Wai tana zubar wa jami'a da daraja. Aka loda fayil-fayil ɗinmu a babbar mota aka kai can, aka jibge a wani sito mai yoyo. Damina ta yi nata, gara ta ƙarasa. Daga baya ya sa aka zuba sunayen duk waɗanda suka gama karatu a kwamfuta, har da taron 'yan jarida. Wanda sunansa ya fito ya yi karatu, wanda bai fito ba sai dai Allah ya ba shi haƙuri. Mu 'yan Sabon Gari, mutum ɗari uku da wani abu, babu sunan ko ɗaya.

Gaskiya ni abin bai hana ni barci ba. Tun da na karɓi satifiket ɗina ba wanda ya taɓa cewa in nuna masa, yana can ƙasan akwati. Shugabanmu Alhaji Modu shadda da atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari, kuma ban taɓa jin mai sayen shadda ya tambayi digiri ba. Mataimakinsa Chimezie kayan wutar lantarki yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Wadda abin ya taɓa ita ce Malama Mulikat.

Mulikat haihuwar Fagge ce. Kakanta ne ya zo daga Ogbomosho fatauci ya zauna, Hausar bakinta kuwa ta fi tawa. Ajinmu ɗaya tun daga shekarar farko har ta ƙarshe, tana layin gaba ina bayanta, kuma ba don ita ba da har yau ina maimaita darasin ƙididdiga. Shekara goma sha bakwai tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati. Sai aka kafa kwamitin tantance ma'aikata. Kwamiti ya rubuta wa jami'a yana tambaya a kanta, jami'a ta amsa cewa ba ta da mai wannan suna. Aka ba Mulikat wata uku ta kawo tabbaci. In ba ta kawo ba, ta rasa aikinta, sunanta kuma ya shiga jerin masu takardun bogi.

Sau biyu ta yi tafiyar awa biyar ɗin nan. Na farko aka ce Farfesa yana taro, na biyu aka ce ya tafi ƙasar waje. Rijistara ya ce mata ana kan bincike. Da ta ga ba ci gaba, sai ta kawo maganar gaban ƙungiya, mu kuma muka ce haba, ai abin ya isa haka, za mu rubuta wa Farfesa takardar koke mai zafi, mu kai masa hannu da hannu.

Kowace Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a shagona. Ashe kowa yana da nasa a ciki, jira yake a taɓo. Alhaji Modu ya ce a bikin yaye ɗalibai na bara a layi na uku aka zaunar da shi, bayan shugabannin ɗalibai, yaran da ya haifi kamarsu, kuma Farfesa ya gaida kowa da kowa a jawabinsa bai ambaci reshen Kano ba. Chimezie ya ce an sare itatuwan bakin ƙofar jami'a an dasa ƙarafa. Wani ya ce an canja tambarin jami'a, an cire bishiyar kukar da muka sani an sa wani abu mai kama da fankar sama. Wani ya ce duk manyan muƙamai surukan Farfesa ne a kai. Ni dai ina bugawa.

Asabar biyu muka ci a kan yadda za a jera laƙabin mutumin, ko Farfesa ne zai riga Alhaji, ko Alhaji ne zai riga Farfesa, da inda za a saka sarautar da garinsu na kakanni ya ba shi. Asabar ɗaya ta tafi a kan "muna kira" ko "muna roƙo". Alhaji Modu ya kafe cewa ba a fara wa babba magana da laifinsa, don haka shafin farko gaba ɗaya yabo ne, har da ƙofar nan mai ƙarafa da Chimezie yake ƙorafi a kai. Maganar fayil ɗin da gara ta ci, wadda saboda ita aka fara zaman, ta koma ta bakwai a cikin tara.

Mulikat ba ta taɓa fashin zuwa ba. Takan zauna a ƙarshen benci da takardun ɗalibanta a cinya, tana maki da jan biro. Sai an zo tashi take ɗago kai.

"Saura kwana arba'in da biyar," in ji ta.

"In sha Allahu, Malama, in sha Allahu," in ji Alhaji Modu, yana neman takalminsa.

Wata Asabar ɗin ta ce saura talatin da ɗaya, wata ta ce saura goma sha bakwai. Ba ta ɗaga murya. Ni kam har na saba da abin, ina jin ta faɗa na san lokacin kashe janareto ya yi.

Ranar da aka kammala takardar saura kwana goma. Shafi shida ta yi. Aka sa hannu, na buga hatimi, aka yi maganar motar da za ta kai mutum goma sha biyu ranar Litinin da sassafe. Ranar Lahadi da hantsi sai ga saƙo a waya: mahaifiyar Farfesa Hambali ta rasu, za a yi jana'iza bayan azahar.

To, a nan abin yake. Farfesa ɗan Fagge ne. Tsohuwar a gidansu na gado ta rasu, layi uku daga shagona. Mutumin da ba ya ganuwa a ofis, wanda sai an cike fom an jira a benci kafin a ce maka ba ya nan, ga shi zaune a kan tabarma a ƙofar gida, kowa da kowa yana zuwa yana miƙa masa hannu, har mai sayar da rake.

Da yamma Alhaji Modu ya tara mu a tsaitsaye a bakin shago. Ya ce tafiya ta fasu, tawagar koke ta zama tawagar ta'aziyya, ranar addu'ar uku kowa ya sa fararen kaya. Takarda kuwa a ajiye ta sai bayan arba'in. Na jefa ta a durowa, kuma har yau tana nan.

"Alhaji, kwana tara ya rage min," in ji Mulikat.

"Malama, mutum ya rasa mahaifiya. Ke ma kin san ba a yi."

"Na sani."

"To, ki yi haƙuri. Allah ba zai tozarta ki ba."

Ta gyara mayafinta ta tafi.

Ranar Talata da safe muka je, mu wajen ashirin. An toshe layin da rumfuna, manyan motoci har bakin titi, 'yan a-daidaita-sahu suna ta zage-zage suna neman hanya. Alhaji Modu ya kutsa ya kutsa har ya samo mana wuri kusa da tabarmar masu gida. A ranar na fara ganin Farfesa da idona. A hoto ƙato ne. A fili ɗan ƙaramin mutum ne, da tsohuwar jallabiya, idanunsa sun yi ja sun kumbura, yana jan carbi ba ya ko kallon wanda yake gaishe shi. Wallahi na ji tausayinsa. Na zo da haushinsa a raina, na neme shi na rasa.

Malamai suka yi addu'a, aka shafa. Ana cikin rabon gumba da dabino sai na hango Mulikat ta fito daga cikin gida, inda mata suke zama. Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta miƙo rumfar maza kai tsaye, ta tuɓe takalmi a bakin tabarma, ta durƙusa gaban Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ya haƙuri?"

"Mun gode Allah."

"Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta."

"Amin. Allah ya ba da lada."

A nan ake tashi. Ba ta tashi ba. Ta zaro ambulan daga jakarta ta riƙe da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, na san nan ba wurin wannan magana ba ne. Na je ofishinka sau biyu ban same ka ba. Ni ɗalibarku ce ta cibiyar Sabon Gari. Takardunmu sun lalace a hannun jami'a, jami'a ta ce ba ta san ni ba, za a kore ni daga aiki ranar Talata mai zuwa. Layi ɗaya nake so a rubuta, cewa na yi karatu a wurinku. Kwafin satifiket ɗina da komai suna cikin nan."

Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi." Farfesa ya dubi ambulan ɗin, ya dube ta, bai miƙa hannu ba.

"Baiwar Allah," ya ce, "shekaranjiya na binne uwata."

"Na sani, ranka ya daɗe. Allah ya ba ka haƙuri."

Ta ajiye ambulan ɗin a kan tabarma, ta tashi, ta sa takalminta, ta ratsa mutane ta wuce. Ba wanda ya tare ta. Wani ƙanen Farfesa ya ɗauke ambulan ɗin da yatsa biyu ya miƙa baya. Sai a lokacin na lura da wayoyi a sama, an ɗauki abin tun daga farko.

"Da wa ta zo?" wani ya tambaya da ƙarfi.

Aka juyo ana kallonmu, mu masu fararen kaya. Alhaji Modu ya sunkuyar da kai yana ta gyaran hular da ba ta karkace ba. Muka sulale ɗaya bayan ɗaya, ko sallamar kirki ba mu yi ba.

Kafin azahar hoton bidiyon ya gama gari. Wasu na cewa rashin tarbiyya, wasu na cewa turo ta aka yi, wasu kuma sun ce ai ga shi nan, tsofaffin ɗalibai na reshen Kano ne suka shirya su ci mutuncin bawan Allah ranar addu'ar uwarsa. Wannan na ƙarshen ne ya tayar wa Alhaji Modu da hankali. 'Yan Kwari sun fara tsokanarsa a kasuwa, surukinsa ya kira shi, limamin layinsu ma ya kira. Ana idar da sallah ya tara mu a shagona, yana share gumi da gefen babbar riga.

"Malam Baha, kunna kwamfuta. Yau ɗin nan za a ba da haƙuri."

Na kunna. Da Turanci muke rubuta takardunmu, amma ga ma'anar abin da na fara bugawa: ƙungiya tana ba Farfesa da iyalansa haƙuri, kuma abin da ya faru ba da yawunta aka yi ba. Na karanta musu.

"Bai isa ba," in ji Alhaji Modu. "Za a ce 'yarmu ce, mu muka kasa tsawata mata. Ka sa cewa ba 'yar ƙungiya ba ce."

Wani daga baya ya ce in dai za a yi a yi mai gaba ɗaya, a ce ba mu ma san ta a cikin tsofaffin ɗaliban jami'ar ba, ta haka ne kawai bakin mutane zai mutu. Wani ya ƙara da cewa dama wannan ba al'adarmu ba ce. Mai wannan maganar na san shekarar da mahaifinsa ya shigo Kano, lokacin Mulikat tana firamare a Fagge.

Chimezie ne ya miƙe.

"Alhaji, wannan ƙarya ce fa. Wane ne a nan ba ta sani ba? Wane ne bai san ta ba? Ta yi kuskure, mu ce ta yi kuskure. Amma mu ce ba mu san ta ba?"

"Chimezie, ba ka gane ba. Wannan maganar gidan mutuwa ce. A sanyaya wa mutum rai, shi ke nan. In ƙura ta lafa ai tana nan a matsayinta."

"Ni dai ba da ni ba."

"Ba a ma bukatar hannunka. Shugaba da sakatare ne."

Chimezie ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya fita. Ni na buga abin da aka ce in buga. Na san ƙarya ce ina bugawa, ba zan ce ban sani ba. Abin da na gaya wa kaina shi ne takarda ce da za a karanta a ƙofar gida, a gyaɗa kai, a cusa ta ƙarƙashin tabarma. Ga zafi, ga yunwa, ga mutum goma sha takwas a tsaye a kaina. Alhaji Modu ya sa hannu, na sa nawa a ƙasa, na buga hatimi. Kafin la'asar ya kai ta gidan da kansa, ya kuma sa aka watsa kwafinta a waya, wani gidan rediyo ma ya karanta. Ya dawo yana fara'a, ya ce Farfesa ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

Ranar Alhamis da hantsi ina yi wa wani kwafin takardar fili sai ga Mulikat. Na san ta ga takardar, duk Kano an gani. Ta yi sallama, ta tambayi iyali, ta jira na sallami mutumin.

"Malam Baha, kwamiti sun ga irin matsalata ta yi yawa, sun sassauta. Sun ce wanda makarantarsa ta kasa gano fayil ɗinsa zai iya kawo shaida daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da hatimi, da hannun shugaba ko sakatare. Wanda ya sa hannun kuma sai ya zo da kansa. Za ka rubuta?"

"Yanzu ma kuwa."

Na so in ba ta haƙuri a lokacin. Na buɗe baki, na ga tana duba agogo, tana da darasi ƙarfe goma sha biyu, sai na ce a raina bari aikin ya ba ta haƙurin. Ban taɓa rubuta takarda mai kyan wannan ba. Na sa shekarar da muka shiga da wadda muka fita, da sunayen malamanmu, da darasin da kowanne ya koyar, da sunan makarantar da ta yi gwajin koyarwa. Na je gida na tono hoton ranar yaye mu, ga ta ga ni a layi ɗaya, na haɗa. Hatimi dama a durowata yake kwana, ban nemi izinin Alhaji Modu ba. Da na miƙa mata ta karanta ta ce ya yi. Ranar na ci abinci da daɗi, ina jin kaina mutumin kirki.

Masu irin wannan shaida ranar ƙarshe aka ware musu, wato Talata. Ofishin kwamitin a saman wani bene yake, muka hau muka bi layi har wajen sha ɗaya. Shugabar kwamitin, Hajiya Ruwaida, dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da fara'a ba ta kuma da wulaƙanci. Ta ba mu wurin zama. Ta karanta takardata tun daga sama har ƙasa, ta dubi hoton, ta dubi katin shaidata. Sannan ta jawo fayil ɗin Mulikat ta buɗe.

"Ranar Juma'a jami'a ta sake aiko mana da amsa a kanki, Malama, ba tare da mun tambaya ba. Sun ce sun ƙara dubawa, babu sunanki. Sun kuma haɗo da wannan."

Ta zaro takarda ta shimfiɗa kusa da tawa. Tun daga nesa na gane ta, ni na zaɓi irin rubutun.

"Malam Bahauddeen, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, Hajiya."

"Wannan fa?"

"Shi ma nawa ne."

"Kwana biyu ne tsakaninsu. Ranar Talata ka ce ba ku san ta a cikin tsofaffin ɗaliban jami'ar ba. Ranar Alhamis ka ce shekara biyar kuna aji ɗaya. Wacce zan ɗauka?"

"Ta biyun ce gaskiya, Hajiya, wallahi. Ta farkon don ba da haƙuri aka yi ta. Kin san abin da ya faru, gidan rasuwa ne, mutumin yana cikin wani hali, sai aka ga..."

"Wato ka sa hannu a kan abin da ka san ba gaskiya ba ne don ka faranta wa mutum rai."

Ta ɗora yatsa a kan takarda ta biyun.

"To, me zai hana in ce wannan ta biyun ma don ka faranta mata rai ka yi?"

Na nuna hoton. Ta ce riga da hula ana hayarsu a kowane shagon hoto, sun ga irinsa sun fi hamsin. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Ta ce nan ba kotu ba ce. Na ce akwai mataimakin shugaba, Chimezie, shi bai sa hannu a ta farkon ba, har ficewa ya yi daga taron, in kira shi yanzu zai zo. Ta ce ƙa'ida ta ce shugaba ko sakatare, kuma ga hannun shugaba ga na sakatare duk a kan takardar farko. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, gumi har cikin takalmina.

Duk wannan Mulikat tana zaune, hannayenta na kan jakarta.

Hajiya Ruwaida ta cire tabarau ta dube ta.

"Malama, ni ban ce ba ki yi karatu ba. Na ga sakamakon ɗalibanki, na san aikin wanda ya iya. Da wannan takardar ta biyu ce kaɗai a gabana, da yanzu kin tafi ajinki. Amma makarantarki ta ce ba ta san ki ba, ƙungiyarki ta ce ba ta san ki ba, ni ba ni da hurumin in ce na fi su sani." Ta cike wani fom ta tura mata. "Ki sa hannu a nan. Ki miƙa rijistar aji da makullai ga shugabar makaranta kafin a tashi yau. Duk ranar da jami'a ta gano fayil ɗinki, ki ɗaukaka ƙara."

Mulikat ta karanta fom ɗin, ta ciro bironta, ta ga ja ne, ta mayar, ta ari na Hajiya ta sa hannu. Ta yi godiya, ta tashi.

Na bi ta muka sauko. A bakin titi na ce, "Malama, don Allah ki yafe min. Wallahi ban taɓa tsammanin takardar nan za ta wuce ƙofar gidan ba."

"Na sani, Malam Baha."

"Zan koma wurin Alhaji Modu, mu janye ta, mu rubuta wata. Zan je jami'ar da kaina."

"To."

"Bari in raka ki makarantar, ko kaya na taya ki ɗauka."

Ta ɗaga hannu, wani a-daidaita-sahu ya tsaya, ta faɗa masa unguwar, ta shiga ta ɗora jakar a cinya. Na ɗora ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Mai a-daidaitan ya waiwayo ya dube ni, ya dube ta.

"Hajiya, ku biyu ne?"

"Ni kaɗai ce."

Na sauke ƙafata, ya ja.